Gumbar da Na Daka wa Inna

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Inna, uwar maigidana, ta rasu wata Laraba da hantsi a gidanta na Ƙofar Rini. Ta share tsakar gida da kanta, ta zauna bakin ƙofar ɗaki ta ce kanta na juyawa, shi ke nan. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar mata sun cika gidan har ba wurin ajiye takalmi.

Ina zaune a gefe ina jin abin da kowa ke faɗa. Wata tsohuwa, maƙwabciyarta tun suna amare, sai tafa hannu take yi tana cewa, "Jiya-jiya hwa nig gan ta da bokiti biyu cike da ruwa, ɗaya dama ɗaya hagu. Nic ce ta aje a kira mata yara, tac ce hannuwanta ba su yi mata laihin komi ba da za ta sallame su."

Wata kuma ta share hawaye ta ce, "Allah shi jiƙanta, amma ta hana mu shan daɗi. Ko wurin suna anka miƙa mata lemun kwalba sai ta tambaya mi ac ciki."

Aka yi dariya cikin kuka. Abokiyar aikina kuma maƙwabciyata, malama Kirista 'yar kudancin Kaduna, ta yafa gyale ta zo ta zauna kusa da ni, tana gaya wa mata yadda Inna ta koya mata kwaɗon zogale ta kan katanga. Kuka kawai nake yi, har na ji wata a bayana ta rage murya ta ce, "Wanga kuka na matar ɗa ya hi na ɗiya." Ban ga laifinta ba. A garin nan ba a saba ganin mace tana yi wa uwar miji irin wannan kuka ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don a san abin da nake yi wa kuka, kuma don kada 'ya'yana su girma su ɗauka kakarsu wata tsohuwa ce kawai mai hana shan zaƙi.

Uwar da ta haife ni ciwon sukari ne ya kashe ta, ina aji uku a sakandare. Na san yadda ake tashi ba uwa, na san yadda ake yin sallah ba mai yi maka kitso sai an roƙa. Saboda haka ranar da likita ta dubi takardar gwajina, bayan haihuwata ta uku, ta ce jinina ya hau kuma sukarina ya kai bakin gaɓa, ban ji sauran bayaninta da kyau ba. Na ji dai ta ce in rage mai da gishiri da zaƙi, in riƙa motsa jiki, musamman abin da zai ƙarfafa dantse da cinya. Na shiga keke zuwa gidanmu a Arkilla ina lissafin shekarun babbar 'yata, ina gwada su da nawa lokacin da aka bar ni.

Abin haushin shi ne a lokacin kowa yaba ni yake yi. Na yi ƙiba, wuya ya cika, zobe ya ƙi fita. Duk gidan biki da na shiga sai a ce, "Kai, maigida ya iya kiwo!" Ni ma ina jin daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Kuma wane motsa jiki? Ni malamar firamare ce. Ƙarfe bakwai ina kan hanya, ƙarfe biyu na dawo, in kai yara Islamiyya, in ɗora tukunya, in duba littattafan ɗalibai. Abin da ya fi sauƙi shi nake dafawa: taliyar leda, farar shinkafa da mai yana iyo a kai, dunƙule huɗu a miyar mutum biyar. Firij kuwa ba ya rabuwa da lemun kwalba, don maigida yana ganin rashinsa abin kunya ne in baƙo ya zo.

Inna tana gidanmu a lokacin, ta zo zaman jego ba ta koma ba. Ban gaya mata abin da likita ta ce ba, ɗanta ne ya gaya mata. Kwana uku ba ta ce mini uffan ba. Sai dai in ina girki ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna bakin kicin tana jan carbi, idonta na bin hannuna daga galan ɗin mai zuwa tukunya. Duk wadda uwar miji ta taɓa yi wa irin wannan kallo ta san ya fi faɗa ciwo. A rana ta huɗu ta yafa mayafi ta fita. Da la'asar sai ga keke ya tsaya ƙofar gidanmu, Inna a baya ta rungume turminta, taɓarya ta leƙo ta gefe, ga rabin buhun gero na gonar ƙanenta da ke Dundaye a ƙarƙashin ƙafarta.

Abincin ta fara taɓawa, kuma ba ta taɓa cewa "an hana" ba. Ita tsari take canzawa. Kafin a kawo tuwo sai ta ajiye kwanon kwaɗon zogale ko rama a tsakiyar tabarma, ta ce ai yara su taɓa kafin tuwo ya huce. Tuwon kuwa da gangan take jinkirta shi. Mai da cokali take auna shi, ba da ido ba. Dunƙule huɗu ya koma ɗaya, daddawa ta cike gurbin sauran. In ana surfen gero sai ta ce a tsaya haka nan, "A bar mashi rigarshi, kak ku tuɓe shi tsirara ku ba awaki amfanin." Lemun kwalba ya zama na ranar Juma'a, sauran ranaku zoɓo ne da citta ko fura da nono.

Maigida ne ya fara ƙorafi. Ya ɗebi miya ya duba cokalin ya ce, "Inna, miyag ga kamar ba a sa mata mai ba."

Ta ce, "Da irinta nir rene ka, ga ka nan ƙato ka cika ƙohwa. Ci ka tashi."

Mutumin da ke da ma'aikata a ƙarƙashinsa a ofis ya sunkuyar da kai ya share kwano, yara na ƙunshe dariya. Ni dai na shige kicin na yi tawa a can.

Kuma duk abin da aka zuba mini shi take ci. In na sha shayi ba sukari, haka nata kofin yake. In na tsaya a malmala ɗaya, ita ma ta wanke hannu. Na ɗauka haka cinta yake tun asali, irin na tsofaffin da ba su saba da zaƙi ba.

Turmin ne ya haɗa mu faɗa, faɗa ɗaya tak da muka taɓa yi. Washegarin ranar da ta kawo shi, bayan sallar asuba, na ji luguden daka a tsakar gidana. A rukunin gidajen ma'aikata na Arkilla, inda kowa inji yake kai niƙa, sai ga ƙarar turmi tana tashi kamar a ƙauye. Na fito na ce, "Inna, don Allah ki bari, ga inji nan bakin titi." Ta dube ni, ta ci gaba da dakanta. Haka ta yi gobe, haka ta yi jibi. Kullum in na fito da jaka a kafaɗa sai ta tsaya, ta riƙe taɓarya a tsaye ta dube ni, ni kuwa in gaishe ta in wuce da sauri.

Ana haka yayar maigidana ta zo gaisuwa da sassafe. Ta tarar da uwarta tana daka, gumi na zuba, ni kuma ina gaban madubi ina ɗaura ɗankwali. Kafin sati ya zagayo magana ta gama Ƙofar Rini: wai 'yar boko ta mayar da tsohuwa baiwa, ita tana kwalliya uwar miji na daka mata fura. Da maganar ta dawo kunnena na ji kamar in nutse. Sai na yi abin da na ga shi ne mutunci. Na ɗauke taɓaryar na ɗora can saman kwabet inda hannunta ba zai kai ba, na aika da geron inji, na zo na durƙusa na ce, "Inna, daga yau kin huta."

Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata sai da ka. A na uku ta kira ni ɗaki ta ce in rufe ƙofa.

"Malama," ta ce. Haka take kirana, ba ta taɓa kama sunana ba. "Ni na ɗauka kina da kunya."

Na ce, "Inna, ai kunyar ta ta sa na ɓoye. Mutane na cewa ina sa ki aiki."

"Wagga ba kunyata kinka ji ba, kunyar mutane ta. Ke kin ga ina bukatar daka? Hannuwana sun yi nasu aiki sun gama. Kwana goma ina tsayawa da taɓarya ina kallon ki. Ina cewa ba ɗiyar kirkin da za ta ga uwar mijinta na daka ta wuce, dole ta aje jaka ta amsa. Ke kuwa sai kinka hau kujera kinka ɓoye ta."

Sai muryarta ta sauka.

"Ba ni iya ce maki zo ki yi daka, ke matar ɗana ta, kuma malama. Sai a ce na zaka gidanki ina mulki. Amma na ji abin da likita tac ce, kuma na san abin da yak kashe uwarki. Ni na tsuhwa, ba ni iya renon ɗiyanki ukku. Ki tsaya ki reni abinki."

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. A al'adarmu tsakanin mace da uwar miji akwai labule, ita kuma ta nemi hanyar da za ta taimake ni ba tare da ta yage shi ba, ni da karatuna na kasa karantawa. Na hau kujerar nan na sauko da taɓarya.

Ranar farko ban kai bugu talatin ba hannuna ya mutu. Tafina ya yi bororo, na je makaranta alli na faɗuwa daga yatsuna. Inna kuwa tana kan tabarma da carbinta, kowane bugu ta ja ƙwaya ɗaya. "Ni ina zikiri, ke kina daka," in ji ta, "kowa na samun nashi." In na sunkuya da yawa ta ce in miƙe baya in buɗe ƙafa, in bar ƙugu ya taimaki dantse. Minti goma ne kacal kafin yara su tashi, ba ta taɓa neman fiye da haka ba, don ta san ba ni da shi. Da na gaya mata akwai wurin da mata ke zuwa ɗaga ƙarfe a cikin gari, ta yi dariya har da tari. Ta ce su ɗaga lafiya, amma ita ƙarfen da ba ya fitar da gari ba ta gane masa ba.

Ba daka kaɗai ba. Ruwan wanki ta ce in riƙa ɗauka bokiti biyu, kada gefe ɗaya ya cuci ɗaya. In zan ɗauki jaririya daga ƙasa in tsuguna, kada in lanƙwasa baya. Babban gwajinta kuwa shi ne gaisuwa. In na durƙusa gabanta sai ta miƙo hannu ta matsa dantsena kamar mai zaɓen rake a kasuwa, sannan ta zuba ido ta ga yadda zan tashi. A wurinta mace mai lafiya ita ce wadda za ta tashi daga durƙuso ba ta dafa ƙasa ba. Ita da shekarunta haka take tashi, tsaf, ko nishi babu.

Wata shida muka yi a haka. Carbi ɗaya ya zama uku. Zobena ya fita da kansa wajen wanki. Da na koma asibiti likita ta ce sukarin ya ja baya, ta tambaye ni abin da nake yi, na ce daka, ta ɗago kai ta dube ni ta ce in ci gaba. Maganin hawan jini dai ba a cire mini ba, kuma da na yi zancen bari Inna ce ta fara hana ni. "Likita ta yi nata, ke yi naki," ta ce. A gidajen biki kuwa yabo ya koma jaje, ana tambayata ko lafiya nake ramewa, ko maigida ya canza. Inna ta ce in ce musu lafiya lau.

Daga nan ta koma Ƙofar Rini, ta bar mini turmin da taɓaryar. Nan ne wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na riƙe shekara biyu cur. A ta uku aka ƙara mini aji, jarrabawa ta zo, na ce sai an gama. Aka gama na ce sai bayan azumi. Turmi ya koma lungu, na kife masa baho a kai. Taliyar leda ta dawo da kaɗan-kaɗan, cokalin auna mai ya ɓace ban neme shi ba. Jirin da nake yi kafin in fara daka, wanda har na manta da shi, ya fara dawo mini a aji, ban gaya wa kowa ba.

Sati biyu kafin rasuwarta na je gaishe ta. Na durƙusa, ta matsa dantsena, ta daɗe ba ta saki ba. Da na zo tashi, kafin in ankara tafina yana ƙasa. Ta dubi hannun, ta dube ni.

"Kin dahwa ƙasa, Malama."

Na ce, "Gajiya ta, Inna. In an yi hutu zan koma."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To, Allah shi kai mu." Ita ce maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninmu. Wannan ne abin da nake yi wa kuka ranar Laraba, ba wai don na fi 'ya'yanta sonta ba.

Ranar sadakar uku tsofaffin unguwa suka ce sai an yi gumba, kamar yadda Inna ke yi wa duk wanda ya rasu a layin. Aka auno gero, aka ce a kai inji don a yi sauri. Na ce a dakata mini. Na tari keke na tafi Arkilla, na ɗauke bahon nan, na rungumo turmi da taɓarya na dawo da su ta hanyar da suka bi suka je. Na ajiye a tsakar gidanta, na ɗaura zani a ƙugu, na fara.

Jikin da aka bari shekara guda ba ya yafewa da wuri. Kafin a jima dantsena ya fara rawa, numfashina na fita da ƙyar. Mata suka ce in kawo a karɓa mini, na ƙi. Sai na ga yayar maigidana, wadda ta taɓa yaɗa maganar nan a kaina, ta shiga ɗaki ta fito da carbin Inna. Ta zauna kan tabarma daidai gabana ta fara ja, bugu ɗaya ƙwaya ɗaya. Ashe Inna ta ba ta labarin komai. Ba ta ce mini yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ta dai ce, "Miƙe baya, ki buɗe ƙahwa." Da na gama turmi biyu aka kawo wata taɓaryar daga maƙwabta, muka yi lugude ni da ita har garin ya yi laushi.

Da aka zo kwaɓawa sai ta ce, "A zuba sukari da yawa, Inna na son zaƙi."

Na ce, "Inna? Ai ko a shayi ba ta sa wa."

Ta tsaya da hannu cikin ƙwarya ta dube ni. "Ke ba ki sani ba? Inna da muna ɓoye ma sukari don kak ta ƙare shi? Cokali ukku taka zubawa. Shekarar da tat tahi gidanki tab bari. Tac ce ba ta iya shan zaƙi gaban yarinyar da anka hana ma. Da tad dawo munka ce to yanzu sai ki sha, tac ce a'a, ai Malama na can tana haƙuri."

Na zauna daɓas a kan turmi. Shekarar da na yi ina shan lemun kwalba a ofishin malamai ina cewa sai an yi hutu, tsohuwar nan tana Ƙofar Rini tana kurɓar shayi salam saboda ni. Aka zuba wa gumbar sukari yadda take so, na ce a ƙara cokali uku. Aka raba wa unguwa, ni ban ci ba.

Yau kwana arba'in. Tun daga ranar gumba ban tsallake asuba ɗaya ba, maƙwabtana na Arkilla sun sake sabawa da ƙarar. Cokalin mai ya dawo bakin tukunya, kwanon zogale ya dawo tsakiyar tabarma, kuma babbar 'yata ce yanzu ke jinkirta tuwon da gangan. Na koma wurin likita na faɗa mata gaskiya. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce akwai aiki a gabana.

Ɗazu da rana, bayan mutane sun ragu, na shiga ɗakin Inna. An naɗe katifarta, amma tabarmar tana nan inda take zama. Na durƙusa a gabanta kamar kullum. Na roƙi Allah Ya gafarta mata, Ya yalwata mata kabarinta, Ya shayar da ita abin da ya fi duk zaƙin da ta bari saboda ni, Ya ba ni kwanakin da zan reni ukun nan da ta ce in tsaya in rena. Na shafa. Ba wanda ya matsa mini dantse. Na haɗa hannuwana a ƙirji, na yunƙura na miƙe.

Na ce, "Inna, ban dahwa ba."